BABI NA HUƊU: Tarken Almarun Birni da Ruɗin Tuni a Kan Shirin The Tonight Show

4.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, wato shaidar wanda ya gani da idonsa ta fi ta wanda aka ba labari ƙarfi. Wannan babi zai auna wannan karin magana da wasu labarai da suka yaɗu a Amurka game da shirin talabijin na dare mai suna The Tonight Show, musamman zamanin da Johnny Carson ya gabatar da shi. Abin da ya sa labaran suka cancanci nazari shi ne, akwai mutane da yawa da suka yi ta rantsuwa cewa sun ga abubuwan da idonsu a talabijin, alhali babu hoto ko faifan da ya tabbatar da aukuwarsu. Za a fara da bayanin shirin da yanayin da ya haifi labaran, sannan a tarke uku daga cikinsu ta fuskar jigo da zubi, a dubi abin da masana halayyar ɗan'adam suka gano game da tuni, daga ƙarshe a kawo wani labari da ya zo da saɓanin sauran.

A wannan nazari, almarar birni na nufin labarin da ake bayarwa a matsayin gaskiya, aka jingina shi ga sanannen mutum ko sanannen wuri na wannan zamani, yana yawo baki da baki yana sauya kama. Brunvand (1981) ya yi fice wajen tattara irin waɗannan labarai a Amurka. Shi kuwa ruɗin tuni yana nufin mutum ya tuna abin da bai faru ba, ko ya tuna shi ba yadda ya faru ba, kuma yana mai cikakken yaƙini. An guji kiran sa ƙarya ne domin maƙaryaci ya san gaskiya ya ɓoye ta, shi kuwa mai ruɗin tuni ya yarda da abin da yake faɗa har cikin zuciyarsa.

4.1 Shirin da Yanayin da Ya Haifi Labaran

Kamfanin talabijin na NBC ne ya fara watsa shirin a shekarar 1954, Steve Allen na gabatarwa. Jack Paar ya karɓa a 1957, sannan Johnny Carson ya gaje shi ranar 1 ga Oktoba, 1962, ya riƙe shirin har zuwa 22 ga Mayu, 1992, wato kusan shekara 30. A mafi yawan wannan lokaci ana fara shirin ne da ƙarfe 11:30 na dare a gabashin Amurka. Carson kan buɗe da barkwanci a kan al'amuran yau da kullum, sannan ya zauna ya yi hira da baƙi, waɗanda suka haɗa da 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa da 'yan wasanni da marubuta.

Akwai abubuwa uku a yanayin shirin da suka share wa almara fage. Na farko shi ne lokacin da ake kallonsa. Yara sun yi barci, manya na kishingiɗe, wasu ma gyangyaɗi ya fara ɗaukarsu, kuma an ɗauka cewa a irin wannan lokaci ana iya sakin baki fiye da rana. Na biyu shi ne, kafin na'urar bidiyo ta shiga gidaje daga tsakiyar shekarun 1970, abin da aka nuna sau ɗaya ya wuce ke nan, sai dai a ji shi a bakin mutane washegari a ofis ko a makaranta. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne ɓacewar faya-fayan shirin. Saboda tsadar faifan ɗaukar hoto a wancan zamani, NBC ta riƙa goge shi tana sake amfani da shi, har ta kai mafi yawan shirye-shiryen Carson daga 1962 zuwa 1972 babu su a yau. Sai bayan shirin ya tashi daga Niyok ya koma Burbank ta jihar Kalifoniya a 1972 aka riƙa adana su sosai. Saboda haka duk wanda aka ce ya kawo hujja yana da mafaka, sai ya ce ai abin ya faru ne a cikin shekarun nan goma da aka goge.

Ya kamata a lura cewa abubuwan mamaki na gaske sun faru a shirin. A 1965 mawaƙi Ed Ames ya jefa ɗan gatari a kan zanen mutum da aka yi a jikin allo, gatarin ya kafe a tsakanin ƙafafuwan zanen, 'yan kallo suka daɗe suna dariya. Wannan hoto ya tsira, kuma an yi ta maimaita shi a bukukuwan cika shekara na shirin. Ranar 17 ga Disamba, 1969 aka ɗaura auren mawaƙi Tiny Tim a cikin shirin, miliyoyin mutane na kallo. Haka kuma a Disambar 1973 Carson ya yi raha cewa takardar bayan-gida na neman yin ƙaranci, mutane suka ruga kantuna suka kwashe ta. Waɗannan abubuwa na gaskiya su suka sa jama'a ta saba da cewa komai na iya faruwa a gaban teburin Carson, kuma a inuwarsu almarun suka tsiro.

4.2 Almarar Kyanwar Zsa Zsa Gabor

Wannan ita ce mafi shahara. Labarin ya ce 'yar wasan kwaikwayo Zsa Zsa Gabor ta zo shirin da kyanwa a kan cinyarta, ta tambayi Carson ko yana so ya shafa kyanwar, sai ta yi amfani da wata kalmar Ingilishi mai harshen damo, wadda ke nufin kyanwa kuma ake amfani da ita wajen batsa. Shi kuwa Carson, in ji labarin, sai ya ɗauki ma'ana ta biyu, ya ce zai so hakan idan ta kawar da kyanwar. Wasu masu ba da labarin kan ƙara da cewa nan take aka yanke shirin aka sa talla.

Idan aka dubi zubin labarin za a ga bai bambanta da na barkwanci ba. Taurari biyu ne kawai, magana biyu ce kawai, ta farko ta ɗana tarko, ta biyu ta kama. Babu wani abu a ciki da ba ya yi wa ƙarshen labarin aiki. Hira ta gaske ba ta zuwa a haka, domin takan zo da inda-inda da katsalandan da maganganun da ba su kai ko'ina ba. Wannan tsafta da labarin yake da ita alama ce ta cewa ya daɗe yana gogewa a bakin masu bayarwa.

Alama ta biyu ita ce sauyawar taurari. A wasu ruwayoyi ba Gabor ba ce, Raquel Welch ce, a wasu kuma Farrah Fawcett. Abin da bai sauya ba shi ne gurbin, wato kyakkyawar mace sananniya a zamanin mai ba da labarin. Masu nazarin adabin baka sun san wannan hali sarai, domin haka ake jingina labaran wayo ga Gizo ko Abunuwas, ko da an fara ba da su da sunan wani. Gabor ta dace da gurbin ne saboda an san ta da ƙawa da yawan aure da sakin baki cikin raha, Carson kuma an san shi da saurin mayar da magana. Labarin ya yi kama da abin da za su iya faɗa, kuma wannan kamar ita ce dukkan hujjarsa.

Ta fuskar tarihi kuwa, akwai dalili mai ƙarfi da ke raunana shi. Ba kai tsaye ake watsa shirin ba a zamanin Carson, ana ɗaukarsa ne da yamma a nuna da dare, kuma NBC na da sashen da ke tace abin da za a watsa. A Fabrairun 1960 wannan sashe ya yanke wani barkwanci na Jack Paar saboda kawai ya ta'allaƙa a kan haruffa biyu da ke nufin makewayi, abin da ya fusata Paar har ya fice daga shirin na tsawon makonni. Idan an yanke wannan, da wuya a ce maganar kyanwa ta wuce 'yan shekaru bayan haka. Daɗin daɗawa, a 1989 'yar wasa Jane Fonda ta tambayi Carson game da labarin a cikin shirin, ya musanta, yana mai nuna cewa da abin ya faru da bai manta ba. Wani abin lura a nan shi ne, wannan musantawar ita kanta ta ƙara wa almarar ƙarfi, domin miliyoyin 'yan kallo sun ji an ba da labarin a gaban Carson, a kan kujerar baƙi, a cikin shirin. Bayan shekaru, mai kallo na iya tuna wurin da maganar, ya manta cewa tambaya aka yi.

4.3 Almarar Matar Arnold Palmer

Labari na biyu ɗan'uwan na farko ne. An ce Carson ya tambayi matar shahararren ɗan wasan golf Arnold Palmer abin da take yi wa mijinta don neman sa'a kafin gasa, ta ba da amsa a kan ƙwallayen wasan da kalmar da ita ma take da ma'ana biyu, Carson ya ɗora da tasa a kan sandar wasan. A nan ma akwai ruwayar da ta ce matar Jack Nicklaus ce. Babu faifan da ya nuna wannan hira. Da Jay Leno, magajin Carson, ya tambayi Palmer a 1994, sai ya kawo wani ƙauli daban wanda a cikinsa shi ne baƙon, ba matarsa ba.

Idan aka jera labaran biyu za a ga jigonsu guda ne, wato keta haddin kunya a bainar jama'a. A duka biyun mace ce ke yin tuntuɓen harshe, namiji kuma ya yi nasara da zalaƙa. Wannan ya nuna irin kallon da masu yaɗa labaran suke yi wa mace, kuma ya nuna cewa labaran sun fi bayyana halin masu bayarwa fiye da halin waɗanda aka jingina wa. Akwai kuma wani amfani da jinginawar take yi wa mai ba da labari. Wanda ya faɗi batsa da bakinsa shi za a zarga, amma wanda ya ce abin da ya gani a talabijin yake ba da rahoto ya fita daga zargi, ya kuma sami dariyar. Sunan Carson ya zama garkuwa ke nan.

4.4 Ed McMahon da Ƙaton Cek

Labari na uku ya bambanta da na baya, domin babu batsa a cikinsa, kuma babu wanda ya ƙirƙire shi don ban dariya. Ed McMahon shi ne mai shelar buɗe shirin kuma abokin zaman Carson tun daga 1962 har 1992. Amurkawa da yawa suna tuna shi yana zuwa ƙofar gidajen mutane da ƙaton cek da balan-balan, a madadin kamfanin Publishers Clearing House mai shirya gasar sa'a. Gaskiyar magana ita ce McMahon bai taɓa yi wa wannan kamfani aiki ba. Kamfanin da ya yi wa talla shi ne American Family Publishers, wanda kishiyar wancan ne, kuma hotonsa kan fito a jikin ambulan ɗin da ake aika wa mutane. Masu kai cek gida-gida a gaban kyamara kuwa ma'aikatan Publishers Clearing House ne.

Abin da ya faru a nan shi ne haɗewar abubuwa biyu na gaskiya suka haifi na uku wanda bai faru ba. Kamfanoni biyu ne masu suna iri ɗaya da sana'a iri ɗaya, ɗaya na da sananniyar fuska, ɗayan na da sanannen hoto na cek a bakin ƙofa. Tuni ya ɗauki fuskar ya ɗora a kan hoton. Irin wannan ruɗi da jama'a masu yawa ke tarayya a kansa shi ne aka laƙaba wa sunan Mandela, saboda mutanen da suka ce sun tuna Nelson Mandela ya rasu a kurkuku a shekarun 1980, alhali an sake shi a 1990, ya rasu a 2013.

4.5 Yadda Ji Yake Komawa Gani

Tambayar da ta rage ita ce, ta yaya mai gaskiya zai rantse a kan abin da bai gani ba? Bartlett (1932) ya nuna cewa tuni ba ajiya ba ce da ake ɗaukowa yadda aka ajiye ta. Ya ba mutane wata tatsuniyar Indiyawan Amurka su karanta, ya sa su maimaita ta bayan lokaci, sai ya ga suna gajarta ta, suna zubar da abin da ya yi musu baƙo, suna gyara saura ya dace da abin da suka saba. Allport da Postman (1947) sun ga irin wannan a yaɗuwar jita-jita, inda ake rage wasu bayanai, a kaifafa wasu, a daidaita labarin da abin da mai ji ke tsammani. Wannan ya bayyana tsaftar zubin da aka gani a almarar kyanwa.

Loftus da wani abokin aikinta John Palmer (1974) sun nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin da kalmomi daban-daban. Bayan mako guda, 16 daga cikin 50 da aka tambaya da kalma mai nuna mummunan karo sun ce sun ga fasasshen gilashi, alhali 7 ne kawai daga 50 da aka tambaya da kalma mai sauƙi suka ce haka. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin. Wato abin da aka ji bayan kallo yana shiga cikin abin da aka kalla.

Binciken da ya fi kusa da wannan batu shi ne na Crombag da Wagenaar da van Koppen (1996). Ranar 4 ga Oktoba, 1992 wani jirgin dakon kaya na kamfanin El Al ya faɗa kan wani dogon gini a Amsterdam ta ƙasar Holan, mutum 43 suka mutu. Babu wanda ya ɗauki hoton lokacin da jirgin ya bugi ginin. Duk da haka, da aka tambayi mutane bayan wata goma ko sun ga wannan hoto a talabijin, kashi 55 cikin ɗari suka ce sun gani, a zagaye na biyu kuma kashi 66, har wasu suka bayyana yadda jirgin ya karkata. Haka nan Neisser da Harsch (1992) sun sa ɗalibai rubuta yadda suka sami labarin fashewar kumbon Challenger washegarin aukuwarta a Janairun 1986, da aka sake tambayar su bayan fiye da shekara biyu, amsoshin da yawa sun saɓa wa na farko, yaƙininsu kuma bai ragu ba.

Daga waɗannan za a iya fahimtar hanyar da almarar ke bi. Mai kallo ya ga Carson a bayan teburinsa dare ɗari ko dubu, ya san muryarsa da yadda yake juyowa ya kalli kyamara bayan ya jefa magana. Da aka ba shi labarin kyanwa, nan da nan ƙwaƙwalwarsa ta zana hoton da kayan da take da su. Bayan shekaru hoton na nan, amma tushensa ya ɓace, bai ƙara sanin ko daga akwatin talabijin ya zo ko daga bakin aboki ba. A nan ne "an ce" take komawa "na gani".

4.6 Labarin da Ya Zo da Saɓani

Kada a ɗauka cewa duk labarin da aka musanta ƙanzon kurege ne. Shekaru da yawa ana ba da labari game da shirin The Newlywed Game, wanda gasa ce ta sababbin ma'aurata ba shirin hira na dare ba, cewa an tambayi wata amarya wurin da ya fi ban mamaki da ta taɓa sha'awar kaɗaicewa da mijinta, sai ta fahimci tambayar a baibai ta ambaci sashen jiki maimakon wuri. Mai gabatar da shirin, Bob Eubanks, ya yi ta musantawa, har ya sa ladar dala 10,000 ga wanda ya kawo hujja. Daga baya aka gano faifan wani shiri na 1977, aka nuna shi a talabijin a 2002, kuma ga abin nan ya faru. Sai dai kalmomin da matar ta faɗa ba su yi daidai da waɗanda aka daɗe ana yaɗawa ba.

Wannan misali yana koyar da abu biyu. Na farko, shi ma mai musantawa tuninsa na iya ruɗarsa, domin wanda ya gabatar da dubban shirye-shirye ba zai riƙe su duka ba. Saboda haka musantawar Carson kaɗai ba ta isa ta kashe almarar kyanwa ba, sai an haɗa ta da sauyawar taurari da tsarin tacewa da rashin faifai. Na biyu, ko inda tushen labari gaskiya ne, bakin jama'a sai ya sassaƙe shi.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an tarke labarai uku da aka jingina ga The Tonight Show da ma'aikatansa, an kuma kawo na huɗu don gwadawa. An ga cewa almarar kyanwa da ta matar Palmer barkwanci ne da aka sa wa rigar rahoto, wanda gogewar faya-fayan 1962 zuwa 1972 ta ba su wurin fakewa. An ga cewa labarin McMahon ruɗi ne da ya samu daga cuɗanyar kamfanoni biyu. An kuma ga, ta hanyar binciken masana, cewa yaƙinin mai ba da shaida ba ya auna ingancin shaidarsa.

Wannan sakamako ya shafi duk mai tattara adabin baka ko tarihin baka, domin babban jarinsa shi ne wanda zai ce masa a gabansa aka yi. Idan mutanen da ke da talabijin da jaridu sun iya tuna abin da bai faru ba a cikin shekara 20 ko 30, to mai nazari na da hakkin ya tambayi kowane mai ba da labari inda ya fara jin sa, da wanda ya ba shi, da ko akwai wata ruwaya mai ɗauke da wani suna daban. Labarin da bai tabbata a matsayin tarihi ba yana nan da darajarsa a matsayin adabi, domin yana nuna abin da al'umma ke jin kunyarsa da abin da ke ba ta dariya. Babi na gaba zai dubi yadda shigowar bidiyo da intanet ta shafi rayuwar irin waɗannan almaru.